Kifin da Na Sassaƙa da Taɓaryar Inna

A unguwar Hindawiyya ta birnin Jidda aka haife ni, a ɗakin kwano da katakon akwati, amma takarda ta ce ni baƙo ne. Iƙamata, takardar izinin zama, tana hannun nahuda, wato mai jirgin kamun kifin da nake yi wa aiki, shi ne kafilina, mai tsaya mini a wurin hukuma. In ya sa hannu, na ƙara shekara a garin da aka yanke mini cibiya. In ya ƙi, sai a loda ni a jirgi a kai ni ƙasar iyayena, wadda ban taɓa gani ba sai a bakin Inna. A shekarar da nake ba da labari, saura mako biyu iƙamar ta mutu, matata kuma tana da cikin wata bakwai.

Irin kamun da muke yi majarur ake ce masa. A wuce duwatsun murjani a fita inda ruwa ya koma shuɗi, inji yana tafiya a hankali, kowa ya saki igiyarsa a bayan jirgi. A ƙarshen igiyar akwai kifin itace mai ƙugiya. Tafiyar jirgi ke sa shi rawa, babban kifi ya hango ya zaci abinci ne ya kawo cafka. Mu huɗu ne, kowa da igiyarsa. Kifayen itacen kuwa duk ni nake sassaƙawa, don mahaifina masassaƙi ne, kuma gizagonsa kaɗai ya bar mini da ya rasu. Ina alfahari da hannuna, har ya yi yawa. In wani ya kawo nasa na kanti sai in juya shi in tambaye shi ko mariƙin ƙofa ne.

Bazarar nan teku ta yi mana rowa. Zafi ya yi zafi, ruwan saman teku ya zama kamar na wanka. Mu fita da asuba, mu ƙona mai, mu dawo da la'asar kwando wayam. Ran nan muna ɗaure jirgi nahuda ya tsayar da mu.

"Ya jama'a, jirgin nan ba ya iya ciyar da baki huɗu. Mako guda. Wanda igiyarsa ta fi shiru, halas, shi ke nan, ya nemi wani kafili."

Bai dube ni ba, amma ba sai ya duba ba. Biyu daga cikinmu 'ya'yan ƙanwarsa ne, na ukun ya fi ni daɗewa da shekara goma. Na ce, "Ya ammi, iƙamata fa?" Ya ce, "Allah Karim," ya juya. Wa zai ɗauki sabon mutum a shekarar da babu kifi? Na taka zuwa gida.

Kwana huɗu igiyata babu ko taɓi. Na daina cin abinci. In na dubi matata tana tashi da kyar sai in fita waje. A rana ta huɗu na lura da wani abu: sau ɗaya tak aka taɓa igiyar wani, kuma lokacin jirgi yana juyawa ne, igiya ta yi sako-sako ta nutse. Ashe kifin yana nan, zafi ne ya kora shi ƙasa, mu kuwa muna ta yi masa rawa a saman kansa. Kifayena na katakon akwati ne, ba nauyi. Na ƙara wa ɗaya darma, ya nutse, amma rawar ta mutu, ya zama kamar ana jan takalmi. Itace nake bukata mai nauyin kansa. Sai na tuna mahaifina ya taɓa cewa ƙirya ba ta yawo a kan ruwa. A duk Jidda, ƙirya ɗaya na sani.

Taɓaryar Inna ce. Ranar da za su bar gida da mahaifina zuwa aikin hajji, tsohuwarta ta miƙa mata ta ce, "Aro na ba ki, ki dawo mini da abuna." Haka aka yi mata don ƙafarta ta dawo. Taɓaryar ta hau jaki, ta hau mota, ta yi shekaru a gonakin audugar Sudan, ta ƙetare Maliya. Da ita Inna take dakan yajin da take sayar wa masu tsire. Kowace magana tata kuma da "in mun koma gida" take ƙarewa. In mun koma gida za ka sha fura ta gaske. In mun koma gida zan mayar wa tsohuwa kayanta. Shekara talatin da ɗoriya tana faɗa, ba mai iya ce mata kanzil.

Ban tambaye ta ba, don na san amsar. Ranar Juma'a da hantsi ta tafi gidan suna a unguwar Ammariyya. Na ɗauko zarto na yanke taƙi guda daga kan taɓaryar. Ƙanshin itacen ya tashi, matata ta leƙo ta dafe baki ta koma. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Na jingine ragowar a bayan turmi, yankakken kan yana ƙasa, kamar yaron da ya fasa ƙwarya. Ban shafa wa kifin fenti ba, lokaci bai isa ba. Na bar shi da jan jikinsa mai duhu, na sa masa idanu da kan ƙusa.

Asabar ba komai. Na ce shi ke nan, na ci amana a banza. Lahadi ita ce ranar ƙarshe. Har azahar ta gota ina riƙe da igiya, ina karanta duk abin da na haddace, wani ma ba wurinsa ba ne. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙanwar nahuda ya ce wai guntun icen girki nake ja. Na ci gaba da riƙe igiyata, da na biye masa da mun faɗa ruwa tare. Nahuda ya ce, "Yalla, a naɗe." Ya karya jirgi zuwa gari.

A cikin juyin nan aka fizge ni. Igiya ta zare ta cikin tafina ta yanka fata, na ji zafin har ƙeya, ban saki ba. Na dafe ƙafa a gefen jirgi ina ja kifi yana ja. Ban san kuka nake ba sai da na ji gishiri a baki, na kuma san ba na teku ba ne. Da ya taso sai ga dirak, dogon kifin nan mai haƙora kamar zarto, ya kusa tsawona. Na sake sakin igiya. Kafin rana ta yi sanyi na ɗaga uku, sauran igiyoyin kuwa shiru.

Nahuda ya karɓi kifin itacen ya auna a tafinsa, duk ya sha haƙora. "Gobe ka zo mu je a sabunta maka. Amma ina son irin wannan a kowace igiya, da na ajiya. Itacen nan dai, ba wani ba." Na ce to. Me zan ce?

Na tarar da Inna zaune a gindin turmi, taɓaryar tana kwance a cinyarta, tana shafa wurin da na yanke. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Kai wannan. An kama?"

"An kama, Inna."

"Za a sa hannun?"

"Za a sa. Amma ya ce yana son wasu."

Na durƙusa ina jiran faɗa, wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta dubi hannuna da na naɗe da tsumma, ta dubi ƙofar ɗakin da matata take.

"Mai abin ta rasu tun kana goye," ta ce. "Wani alhaji ya kawo mini labari. Ni ce ban yarda na ji ba." Ta miƙo mini da hannu biyu. "Ungo. Ka yanka daidai, kada ka yi ɓarna."

Kifi shida na fitar daga ciki. Aka sabunta iƙamata, aka haifi 'yata a Hindawiyya, a ɗakin da aka haife ni. Inna ta koma daka da wani guntun ƙarfen mota da na samo mata, in tana daka unguwa duk ta sani. Ta ƙara shekara tara a duniya. Na yi ta kasa kunne, ko a cikin hira, ko da mantuwa, amma ban sake jin ta ce "in mun koma gida" ba.