Hannun Hagun Nesta Pilling

Nesta Pilling ba ta taɓa taka dandamali a Landan ba. Aikinta shi ne ta zama Coral Denby, tauraruwar Landan, a duk garin da jirgin ƙasa ya sauke mu, daga Hull har Carlisle. Ni ce mai sa mata kaya, ni nake ɗaure mata ɗamarar matse ƙugu, don haka na fi sanin bayanta da fuskarta.

Haka ake yi a zamaninmu. In wasan waƙa da raha ya karɓu a Landan, sai mai wasan, wato mai kuɗin da ya mallake shi, ya haɗa ƙungiya ta biyu ya tura ta yawon garuruwa. Wadda za ta tsaya a madadin tauraruwar, sai a zaunar da ita a kujerar baya na 'yan kwanaki ta kalli ta ainihin, ta kwashe komai: taku, dariya, inda ake karya wuya, inda ake kashe ido. Manajanmu Mista Hubbard yakan ce, "Mutanen Hull Landan suka zo gani. Kada wadda ta kuskura ta ba su kanta."

Nesta 'yar Keighley ce. Uwarta da ubanta a masaƙar ulu suka tsufa, ita ma can ta fara, har ranar da take kwaikwayon tafiyar shugabar ma'aikata a bayanta, matar ta waiwayo. Da aka kore ta, ta shiga 'yan amshi na gidan wasa. Da aka zo neman mai tsayawa a madadin Coral, aka ga tsayinsu ɗaya, wuyansu ɗaya. Muryar kuwa aka ce za a yi haƙuri da ita.

Wasan labarin wata yarinya ne mai sayar da shayi a tashar jirgi, wadda wani hafsan soja ya yi wa alkawari ya tafi. Yawancinsa shirme ne da rawa da manyan huluna. Amma a kashi na biyu akwai waƙar da take yi ita kaɗai tana jiran jirginsa. A kwanakin da Nesta ta je kallo, Coral takan tsaya kafin baitin ƙarshe, ta ɗora tafin hannun hagu a ƙasan haƙarƙarinta, ta sunkuyar da kai, ta ja dogon numfashi. Makaɗa su jira ta. Sannan ta ƙarasa.

Nesta ta kwaso wannan tare da sauran.

Ba mu daɗe da fara yawo ba muka ji Coral ta bar wasan, wai likita ya ce ta je bakin teku a Faransa ta huta. Ta dawo bayan wasu watanni ƙugunta kamar na zanzaro, kuma ba ta sake ɗora hannu a wurin nan ba. Shekara na zagayowa ta auri wani basarake, ta zama Ledi Tarne, ta bar dandamali. Duk macen da ta taɓa ɗaure wa wata ɗamara ta san abin da ke sa mutum ya tsaya a tsakiyar waƙa ya dafa wurin nan. A ɗakin sa kaya babu wadda ba ta gane ba, babu kuma wadda ta faɗa. Maza kuwa cewa suke yi fasaha ce.

Sau ɗaya na taɓa mata maganar, ina ja mata igiyar ɗamara.

"Hannun nan fa, Mis Pilling, ita kanta ta daina."

"Ni dai haka na gani," in ji ta. "Ja da ƙarfi, Misis Orme, ba buhun dankali kike ɗaurewa ba."

A garuruwa kuwa hannun ne ya zama wasan. Matan masaƙa da ke cika benen sama, waɗanda ke ɓare lemo suna surutu tun daga ɗaga labule, da an zo wurin nan sai su yi tsit. Wasu su share ido da gefen mayafi. Sun san abin da suke gani, ko da marubucin wasan bai taɓa nufin haka ba. Saboda su aka yi ta maido da wasan shekara bayan shekara, har kayan suka koɗe, mai fitowa a hafsan sojan ya yi tumbi aka canza shi. Nesta ba a canza ta ba. An ajiye mata mai jiran ko-ta-kwana, wata Effie Lomax mai murya kamar ƙararrawa, wadda ke tsaye a bayan labule kullum tana kallo, tana jiran ranar da mura za ta kama Nesta. Murar ba ta zo ba.

Mista Hubbard bai ɓoye mata ba. "Muryarki ta yi gaba ta bar ki, Mis Pilling. Hannun nan ne ke ciyar da ke. Ki riƙa sa masa safa in ana sanyi."

Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. Masu kawo mata fure a ƙofar baya Coral suke nema, ta kuma san haka, takan karɓa da irin murmushin Coral ta ba matar gidan da muka sauka ta sa a tulu. Hutunta shi ne ranar Lahadi a cikin jirgi, ta cire takalmi, ta ci burodi da cuku, ta yi magana da harshen Keighley mai kauri har mu iso gari na gaba.

A Harrogate abin ya faru, garin da masu hali ke zuwa shan ruwan magani. Wasan rana ne, ranar Asabar. Kafin a ɗaga labule Effie ta leƙa ta dawo tana cewa Ledi Tarne na zaune a ɗakin manyan 'yan kallo, da mijinta da uwar mijin. Na duba fuskar Nesta a madubi. Ta sake shafa jan baki a kan wanda ta riga ta shafa. Da aka zo waƙar ta tsaya, ta ɗora hannun, ta daɗe fiye da kullum, har madugun makaɗa ya ɗago kai ya dube ta.

Bayan an tashi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ledi Tarne ce, ita kaɗai. Ta yi ƙiba kaɗan, ƙibar hutu. Ta dube ni.

"Misis Orme kurma ce, ranki ya daɗe," in ji Nesta. "Sai an zo maganar albashi take ji."

Ledi Tarne ba ta zauna ba. "Ban san akwai masu yin wasan nan har yanzu ba."

"Muna nan. Mu ne ba a aura ba."

"Kin iya ni. Har dariyar. Na ji kamar na haɗu da tsohuwar rigata a jikin wata."

"Na gode, ranki ya daɗe."

"Tsayawar nan ta cikin waƙa, ki cire ta."

"Mista Hubbard ya ce ba a canza komai sai Landan ta canza."

"Ni ce Landan ɗin, Mis Pilling."

"A da."

Ledi Tarne ta cire safar hannu ɗaya, ta sake mayarwa. Ta ce surukarta ta juyo a tsakiyar waƙar ta tambaye ta, da ƙarfi irin na tsofaffin da kunnensu ya yi nauyi, ko haka ita ma take yi a Landan, don yarinyar nan ta yi kama da mai juna biyu. Mijin ya yi dariya. Tsohuwar ba ta yi ba.

"Kin san in na cire, na gama," in ji Nesta. "Akwai wata a bayan labule da ta fi ni murya, ta fi ni ƙuruciya."

"Na sani."

"Kina iya yi wa mai wasan magana ya kore ni, ki huta."

"Sai ya tambaye ni dalili."

A waje ana jan kayan dandamali, wani yana zagin wani a kan tsani. Nesta ta juya ta fuskance ta sosai, ba ta madubi ba.

"Namiji ne ko mace?"

Na ɗauka Ledi Tarne fita za ta yi. Ta dubi ƙofar, ta dubi ƙasa.

"Mace."

"Tana raye?"

"Haka aka ce mini."

Nesta ta gyaɗa kai, ta koma ga madubinta ta fara goge kwalliya. Ledi Tarne ta tsaya kaɗan, sannan ta fita.

A wasa na gaba da aka zo wurin, Nesta ta bar hannayenta a sake. Madugun makaɗa ya jira kamar yadda ya saba, sandarsa a sama. Aka yi shirun, amma babu komai a cikinsa, sai wata mace mai shekaru tsaye cikin rigar mai sayar da shayi. Wani ya yi tari a benen sama. Ta ƙarasa baitin da muryar da ta rage mata.

Mista Hubbard ya ɗauka mantuwa ce. Da ya ga an sake a Ripon, an sake a Darlington, ya zo da kansa.

"Hannun ya shanye ne?"

"Ya gaji, Mista Hubbard."

"To sai ku je ku huta tare."

Mutanen ƙungiya sun ce tausayi ne ya sa ta. Ban yarda ba. Nesta ba ta taɓa jin tausayin Coral Denby ba, kuma tun ranar farko ta san abin da ta kwaso. In don rufin asiri ne, da ta daina tun maganar da na yi mata. Abin da na fi zato shi ne, duk shekarun nan tana ɗaga hannun ne kamar mai tsayar da keken doki na haya a bakin titi. Ta yi rayuwarta tana kallon mace ɗaya wadda ba ta san da ita a duniya ba, kuma wannan ne kaɗai abin da zai iya sa matar ta sauko ta ƙwanƙwasa mata ƙofa, ta kira sunanta, ta roƙe ta. Da hakan ta faru, hannun ya gama aikinsa. Ban taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ta koma Morecambe ta buɗe gidan saukar 'yan wasa, ɗakuna kaɗan da karin safe. An ce tana da tsanani a kan goge ƙafa kafin a shiga, kuma ba ta zuwa kallon wasa ko an ba ta kujera kyauta.

Effie Lomax ta karɓi matsayin a Sunderland, ni na ɗaure mata ɗamara. Ba ta taɓa ganin Coral Denby a dandamali ba, Nesta ce take kallo duk shekarun nan daga bayan labule, kuma Mista Hubbard ya gaya mata abin da yake gaya wa kowa. Da ta zo baitin ƙarshe ta tsaya, ta ɗora tafin hannun hagu a ƙasan haƙarƙarinta, ta sunkuyar da kai. Benen sama ya yi tsit. A bazarar da ta biyo baya aka sake kai wasan Harrogate.