Yau Muryata Ta Fita a Rediyo

Ina auna wa wata mata shinkafa a shagona na Titin Koudoukou, sai na ji muryata a rediyo! Mudu ya suɓuce mini.

Shekara da shekaru ina aika wasiƙa filin gaishe-gaishe don yayana da ke Maraɗi, ba a taɓa karantawa ba. Da irin rubutuna, ban ga laifinsu ba.

Shekaranjiya matata ta ce yanzu saƙon murya ake turawa ta waya. Kafin in ɗauki saƙon in tura, na zuba babbar riga har da turare.

"Malam, ai ba ganinka za su yi ba."

"Hajiya, Yaya zan gaisar fa."

Ɗazu ya kira, yana dariya yana kuka.

Ana cewa waya za ta kashe rediyo. Ni dai ita ta shigar da ni ciki. Ku wa za ku fara gaisarwa?