Ilu da Jirgin Ganguna

Duk wanda ya san Ilu ya san sandar gorar nan tasa. Kullum da hantsi sai ya gangara gulbin da ya raba mu da hanyar Kankiya, ya caka ta, ya zaro, ya duba, ya sanar wa duniya inda ruwa ya kai. Da damina dai a ce aiki ne. To amma gulbin namu wata uku yake ruwa, sauran shekara yashi ne zalla, kuma Ilu bai taɓa fashi ba. Tsakiyar bazara zai caka sanda a busasshen yashi, ya kaɗa kai, ya ce, "Yau ya ɗan ja baya." Ni Abu taubashiyarsa ce, fura nake sayarwa a mashigin, don haka babu wautarsa da ta wuce ni.

Abin da yake kira jirgi gangunan mai ne aka jera, aka shimfiɗa katako a kai, ana jan sa da igiyar ƙarfe daga tsamiyar wannan gaɓa zuwa ta waccan. Mota ɗaya yake ɗauka da mutanenta. Wani Baturen kamfanin gyaɗa ne ya kawo shi. Ranar da ya zo neman mai kula da shi, mazan gari suka zaci aikin tilas ne, suka shige dawa. Ilu kaɗai aka tarar, don bai gama shan furar da na dama masa ba. Haka mutumin da ko iyo bai iya ba ya naɗa kansa Sarkin Jirgi. Tun daga ranar tsoronsa ɗaya ne a duniya, kada a raba shi da gangunan nan.

An kuwa gwada. Da kamfani ya gaji ya bar wa En'e, malamin hanya ya zo da takarda da kuma surukinsa, ya ce surukin ne sabon mai jirgi. Ilu ya miƙa sanda ya koma gindin tsamiya. Motar farko da ta zo ta Di'o ce. Suruki ya ja da ƙarfinsa, suna kaiwa tsakiya jirgi ya cije, ba gaba ba baya. Ashe akwai wani ƙulli a igiyar da zoben jirgi ba ya wucewa sai an san yadda ake karkata shi. Tun azahar Di'o yake gasuwa cikin motarsa har la'asar, ya yi jawur kamar gauta. Sai da malamin hanya ya yi ta ban haƙuri, sannan ƙarti biyu suka saɓa Ilu a kafaɗa suka kai shi. Ya ɗan taɓa zobe, jirgi ya wuce. Ya waiwayo ya ce, "Ku takarda gare ku, ni jirgi gare ni." Ni na san wanda ya yi ƙullin, don a gabana aka yi shi ana gobe za su zo.

En'e ma ta gaji, ta sayar wa wani Kwara, Balarabe mai awon gyaɗa, mutumin da in ya ga sauro sai ya so ya tatse shi. Shi ne ya ce gyaran ganguna ɓarna ne, ya kuma sa aka hau da babbar mota cike da buhuna. Ilu ya ce ta yi nauyi, Kwara ya ce in ba zai ja ba akwai masu ja. Jin haka ya ja. Ko taki goma ba su yi ba gefe ya nutse, mota ta zame, Sarkin Jirgi ya yi sama ya dawo cikin ruwa yana kalmar shahada, yana barin wasiyya. Ruwan nan iyakarsa gwiwata. Da ƙwaryata a kai na shiga na kamo wuyan rigarsa na tsayar da shi. Maimakon godiya sai ya tofar da laka ya ce, "Ke Abu, wa ya ce maki hwaɗuwa na yi? Awo nike."

Na ƙarshe wani Alhaji ne daga Kankiya. Kwara ya ji ƙishin-ƙishin Turawa za su yi gada, ya lallaɓa ya sakar masa. Alhaji ya zo da maroƙa, aka yi wa jirgi fenti kore, kafin fentin ya koɗe gada ta tsaya. Mota ta bi sama, jaki ya bi sama, har awaki ba su ƙara kallon Ilu ba. Alhaji ya ce a farfasa, a kai wa marina gangunan.

Nan Ilu ya tafka babbar wautarsa. Gonar gadonsa ta hanyar Mawashi, wadda ke ciyar da shi da matarsa Hajo, ita ya miƙa wa Alhaji ya karɓi tarkacen tun ba a farfasa ba. Hajo ta yi kuka har muryarta ta dushe, ni kuma na yi wata ban gaishe shi ba, don haushin ya kai ni wuya. Da na sauko na tambaye shi wa zai hau. Ya ce, "Ko ba a hau ba, yanzu babu mai zo mani da takarda." Shekara da shekaru yana zaune ƙarƙashin gada yana goge katako. Da damina nakan ce ƙafata ba ta son hawan gada don ya samu wanda zai ja, kuma duk garin ni kaɗai ce sakaryar da ke shiga.

Da rani ya rasu, gulbi ba ko ɗigo. Maza suna shirin zuwa saro itacen rufe kabari, sai Hajo, wadda ta fi kowa tsine wa jirgin nan, ta aiko daga cikin gida ta ce kada a sari komai, a je a ɓamɓaro katakonsa. Ina tsaye a bakin zaure suka wuce da su a kafaɗa, da sauran koren fenti a jiki. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Ka dai ci gardamarka, Ilu, ba a raba ku ba. Allah Ya yafe maka, Ya sanyaya makwancinka, Ya ƙetarar da kai siraɗi lafiya kamar yadda ka ƙetarar da bayinSa.