Gaisuwar Malam Dabo a Ofishin Onarabul

Duk Bahaushen Greensboro da kujerar falonsa ta taɓa lotsawa ya san hanyar McLeansville, domin a can Malam Dabo yake, a garejin bayan gidansa, tsakanin tarin soso da yaduka. Ɗan Fagge ne, a wajen kawunsa ya koyi aikin kushin tun yana saurayi. Da ya ci bizar nan ta ƙuri'a ya zo Amurka, sai ya sami aiki a wani kamfanin kujeru a High Point, ya yi shekaru a can har gashin kansa ya fara fari. Ranar da kamfanin ya rufe, abokan aikinsa suka tafi neman wani, shi kuwa ya share garejinsa ya ce ya gama yi wa wani aiki.

Hannunsa na da kyau, wannan ba gardama. Har daga Irving Park matan masu kuɗi kan aiko masa da kujerun kakanninsu. Amma yana da wani aibi da ya ɓoye wa kowa: ba ya bambance launi in ya yi duhu. Shuɗi mai duhu da baƙi duk ɗaya ne a wurinsa, haka ruwan ƙasa da ja mai duhu. Matarsa Hajiya Bebi ce idonsa. Ba ya sa almakashi a yadi sai ta fito da shi bakin ƙofa ta ɗaga shi a rana ta ce eh ko a'a, kuma ba ta taɓa yin haka ba tare da ta ɗan tsokane shi ba.

Ita kuma idon nata guda ɗaya ya rage. Ciwon suga ya cinye na hagu tun suna ganin abin wasa ne. Na daman, wata allura ce likita ke yi mata a cikinsa lokaci zuwa lokaci take riƙe da shi, kuma likitan ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye cewa in aka daina, shi ma zai bi ɗan'uwansa. Allurar ta fi ƙarfin mai gyaran kujera. Inshorar lafiya ce ke biya, irin wadda masu aikin kansu ke saya gwamnati na tallafa musu.

A watan Oktoba aka rufe gwamnati, don 'yan majalisa sun kasa daidaitawa a kan kasafin kuɗi. Malam Dabo ya ji a rediyo ya yi dariya, ya ce gwamnati ai ba shago ba ce. Bai daɗe yana dariyar ba 'yarsu Hanifa ta bugo daga Charlotte, inda take aikin banki.

“Baba, wannan shutdown ɗin fa a kan insurance ɗinku ake yinsa. Tallafin zai ƙare ƙarshen Disamba. Na duba, premium ɗinku, kuɗin da kuke biya duk wata, zai ninka, har ya wuce.”

“To idon Mamanki fa?”

Ta ce, “Call your congressman, Baba, ɗan majalisarku. Kowa na bugawa. Zan turo maka lambar.”

Lambar ta zo, bai taɓa ta ba. A buga wa babban mutum waya kamar wani yaron shago? Shi ba haka aka koya masa ba. Ya ga yadda mahaifinsa ya nemo wa yayansa aiki a Kano: mutum ya sa rigarsa mai kyau, ya tafi da sassafe, ya gaida mai gida, ya zauna. Ba ya faɗin buƙata. Gobe ya koma, jibi ya koma, har ranar da mai gida zai dube shi ya ce, “Malam wane, akwai magana ne?” A nan ne mutum zai buɗe baki, mutuncinsa bai zube ba, na mai gida ma bai zube ba.

Don haka ranar Litinin ya sa farar shadda da hula zanna, ya tuƙa tsohuwar motarsa ta ɗaukar kujeru zuwa ofishin ɗan majalisar tarayya na yankinsu, wanda tun daga ranar bai ƙara kiransa da komai ba sai Onarabul.

Onarabul ba ya nan. Wadda ke nan wata baƙar fata ce mai kimanin shekarun Hajiya Bebi, da tabarau rataye a wuya da waya manne a kunne. Sunanta Loretta, amma bakin Malam Dabo ya mayar da ita Laure, ita kuma ba ta yi musu ba. Da ta ajiye wayar ta tambaye shi da Turanci abin da za su yi masa.

Ya ce, “Na zo gaida Onarabul ne.”

“Ba ya gari. Akwai saƙo?”

“A ce Dabo na McLeansville ya zo gaisuwa.”

Ta jira sauran maganar, babu. Ya sami kujera ya zauna ya harɗe hannuwa, ya yi kamar awa guda, ya tashi ya yi sallama. Washegari ga shi. Ranar da ta biyo baya ma ga shi. Kullum ta tambaya, kullum amsar ɗaya ce. Ita a ganinta ta tambaye shi ƙarara, shi kuwa a ganinsa ba a tambaye shi ba tukuna, domin ba bakin mai gida ne ya yi tambayar ba.

Onarabul dai a talabijin ɗin da ke bangon ɗakin jira kawai yake ganinsa. Mutumin ya iya magana. Ra'ayinsa shi ne a buɗe gwamnati tukuna, sannan a zauna zancen inshora. Ya yarda kuɗin ya yi wa mutane yawa, amma ya ce tallafin tun asali na wucin gadi ne, kuma zuba kuɗi ba ya maganin tushen tsadar. Sai a nuno 'yan ɗaya ɓangaren suna cewa ba za su sa hannu a buɗe ba sai an tsawaita tallafin, don in an buɗe an manta ke nan. Malam Dabo yakan gyaɗa wa wannan kai ya gyaɗa wa wancan, don kowa ya yi magana sai ya ji kamar da gaskiyarsa. Abin da ya lura da shi kawai, duk cikinsu ba wanda ya taɓa ambaton ido.

Zaman bai tafi a banza ba. Ya ga yadda ake surfa wa Laure zagi ta waya tana cewa na gode. Wata rana da azahar ya ga ta buɗe jaka ta fito da biskit ta ci da ruwa. Ya tambaya, ta yi dariya ta ce ai su ma tunda aka rufe gwamnati ba a biya su albashi ba, aikin ne kawai bai tsaya ba. Wannan magana ta tsaya masa a rai har gida.

“Hajiya, yarinyar Onarabul fa biskit take ci.”

Hajiya Bebi ta tashi ta ɗora tukunya. Da safe ya shiga ofis da kula cike da dambun shinkafa da zogale da soyayyar kaza. Laure ta ɗaga hannu biyu ta ce doka ta sa musu ido a kan karɓar kyauta.

Ya ce, “Wannan ba kyauta ba ce. Abinci ne.”

Ta duba dokar a ranta, ta duba kular, ƙamshin man gyaɗa ya yanke hukunci. Daga nan kula ta riƙa zuwa tana komawa: yau dambu, gobe waina da miyar taushe, wata rana shinkafa da wake da yaji, wanda ya sa Laure hawaye amma ba ta ajiye cokali ba. Har wani ƙaramin ma'aikaci na ɗakin ciki ya koyi fitowa daidai lokacin. Mutumin da ya zo neman alfarma ya koma shi ke ciyar da ofis, kuma bai ga wani abin mamaki a ciki ba.

A tsakiyar Nuwamba aka buɗe gwamnati. Malam Dabo na zaune a kujerarsa aka sanar, ya ce Alhamdu lillahi da ƙarfi. Sai ya saurara ya ji sauran: an buɗe, amma ba a tsawaita tallafin ba, an ce za a duba nan gaba. Ya tashi ya fita, ko kular bai ɗauka ba, kuma bai koma ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa nauyi ƙwarai. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da kamfani ya rufe. Yakan tsaya a gareji yana kallon Hajiya Bebi ta taga tana tsintar wake, ta karkata kai gefe don idon dama ya gani, sai ya kasa ci gaba da aiki. In ta tambaye shi me Onarabul ya ce, sai ya ce ana nan ana dubawa.

Ranar wata Asabar da hantsi wata ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar gida. Laure ce, tun daga gidanta a Pleasant Garden, ta bi adireshin da ke rubuce a jikin motarsa. Tana rungume da kular, kuma ba wofi ba, domin su ma a wajensu ba a mayar da kwano haka nan. Ta cika ta da wainar dankalin Hausa mai zaƙi irin tasu ta mutanen kudancin ƙasar. Hajiya Bebi ta shigar da ita falo, aka kawo shayi, aka gaisa. Malam Dabo ya zauna yana jiran jin abin da ya kawo ta. Ita kuwa ta kurɓi shayi ta yaba labule. Da ya gaji ya ce, “Laure, lafiya dai?”

Ta harɗe hannuwa daidai yadda yake yi, ta ce, “Na zo gaisuwa ne.”

Maganarsa ce ta mayar masa.

Ta ce, “Kuma Asabar mai zuwa zan dawo, da wadda ke bin ta. Na daɗe a teburin nan, Mista Dabo. Ba wanda ke sa fararen kaya ya zo ofishinmu don yana son talabijin ɗinmu. Shi Onarabul ba lallai ka gan shi ba ko nan da baɗi. Ni ce ke nan. Ko ni ma ka ci gaba da gaishe ni, ko ka faɗa mini abin da ya kawo ka.”

Hajiya Bebi ba ta da Turanci sosai, amma wannan ta fahimce shi sarai. Ta juyo da idon nan guda ta kafa wa mijinta.

“Malam, wai kana nufin duk dambun nan da nake tashi da asuba ina yi, ba ka faɗa musu komai ba?”

“Hajiya, ai ba a tambaye ni ba.”

“Inna lillahi! To ga shi an biyo ka har gida an tambaya.” Ba ta jira shi ba, ta sa yatsa a ƙarƙashin idonta na dama ta dubi baƙuwar ta ce da ɗan Turancinta, wannan kaɗai ya rage, kuma a Janairu ba su san yadda za a yi ba.

Sai a sannan Malam Dabo ya yi magana, kansa a sunkuye, ya faɗi komai tun daga idon hagu. Laure ta cire tabarau ta goge. Ba ta yi musu alkawarin ƙarya ba. Ta ce ita ba ta da ikon sauke farashi, Onarabul ma shi kaɗai ba shi da shi, kuma ra'ayinsa na nan yadda suka ji a talabijin. Amma ta san wata mata da aikinta ke nan, taimaka wa mutane zaɓen inshora kyauta, kuma ta san wata gidauniya da ke tallafa wa masu irin wannan ciwon ido. Abin da ya fi muhimmanci, lokacin rajista bai wuce ba tukuna, ko da yake ya kusa. Da ya ƙara 'yan makonni yana gaisuwa, da sai dai wani zancen.

Ba a yi abin al'ajabi ba. Inshorar da suka koma ta fi ta da tsada kuma ba ta kai ta ba, shi kansa Malam Dabo ya haƙura da likitansa na da, tafiyar Kano da suka yi niyya ma aka ɗage. Amma likitan idon na ciki, gidauniyar kuma ta ɗauki abin da ya rage na allurar. Duk wanda ya zo gareji ya fara zagin 'yan siyasa, Malam Dabo yakan bar shi ya gama, sannan ya ce shi dai a ofishin Onarabul Allah ya haɗa shi da 'yar'uwa. Har yau yana sa Laure a addu'a da sunan da ya raɗa mata, kula kuma ba ta daina zuwa Pleasant Garden ba.

A Janairu aka yi wa Hajiya Bebi allurarta a kan lokaci. Kwana biyu tana kwance ido na ruwa, shi kuwa ga wata doguwar kujera daga Irving Park da mai ita ta ce baƙin yadi take so. Bai so ya tashe ta ba, ya zaɓa da kansa, ya yanka, ya ja, ya buga ƙusa, ya wuni a kai har ta yi kyau kamar sabuwa. Washegari da safe ta fito da mayafi ta tsaya a bakin gareji, ta karkata kai, ta daɗe tana kallo.

“Malam, baƙi matar nan ta ce ko shuɗi?”

“Baƙi.”

“To wannan shuɗi ne. Shuɗi sosai ma. Ko makaho…” Ta tsaya, ta kama baki, dariya ta ƙwace mata.

Aikin wuni guda ya tashi a banza, ga asarar yadi. Malam Dabo ya ɗauki abin cire ƙusa ya durƙusa gaban kujerar, ya fara ɓalle su ɗaya bayan ɗaya yana cewa Alhamdu lillahi, hawaye na sauka a kan shuɗin yadin.