Mai Harshe Ɗaya a Daɗin Kowa

Ni ne da laifi, kuma har yau haushin kaina nake ji.

Mun tashi da asuba daga Kano muka bi ta Saminaka, ramuka suka gama da ƙugunmu. Da muka fara hawa tudun Jos sai sanyi ya shigo mota, ga masu dankalin Turawa jere a bakin titi. Na sayi kwando guda da araha, na kuma yi wa mai sayarwar dariya don ta ce, "'Yata ya tafi kawo buhu."

A unguwar Daɗin Kowa na sauka, gidan marigayi yayana da na shekara biyar ban taka ba. Matarsa, 'yar asalin Filato kuma tsohuwar malamar makaranta, ta kawo mini gwate mai zafi. Ina ci ina gyara mata Hausa. Ku ji rashin kunya!

Washegari 'yarsu, mai karatun harsuna a jami'a, ta yi mini tambayoyi don aikin makaranta. Na leƙa takardar, na ga ta rubuta monolingual a gaban sunana. Turancina na firamare ne. Farkon kalmar ya yi mini kama da monkey, sunan biri da Turanci, na fizge takardar na yaga.

"Ni baffanki? Uwarki ce ta koya miki raina dangin ubanki!"

Malama ta tsince guntayen a hankali.

"Alhaji, mono daga Girkanci yake, ɗaya ke nan. Lingua Latin ne, harshe. Mai harshe ɗaya. Ko kalmar kanta daga gida biyu ta fito, kamar yarinyar nan. Ni ina da harsuna huɗu, kuma ban yi maka dariya da ko ɗaya ba."

Maimakon in sunkuyar da kai, sai na ɗauki jakata na nufi tasha ba sallama. Yarinyar tana kiran "Baffa", ban waiwaya ba.

Har muka shiga Kano ban ga hanya ba. Abin da tafiyar ta nuna mini shi ne harshen nan ɗaya da nake taƙama da shi, da shi na kusa raba marainiya da danginta.

Ban cire takalmi ba na buga waya.

"Malama, ki yafe mini. Ki ce wa 'yata ta sake rubutawa, da manyan baƙi. Daidai ta rubuta."