Igiyar Baba Seidu a Cikin Gajimare

Jama'a, wannan abin da ni aka yi shi, rantsuwa da Allah ba ji na yi ba. Wajen 1988 ne, ina aikin gini. Ni ɗan Salaga ne, na koyi sana'a a hannun marigayi Baba Seidu, tsoho mai saurin hannu wanda bulo ya datse masa yatsu biyu tun yana saurayi. In ka ɗora bango ya karkace ba ya magana, ƙeyarka ce za ta ji. Da ya rasu ni na gaji igiyarsa mai ɗan ƙarfe a ƙasa, wadda muke duba miƙewar bango da ita, kullum tana aljihuna.

Wasu masu gina asibitoci suka kai ni Bawku aiki, da na gama aka ce in bi ƙaramin jirginsu na sama zuwa Yendi. Ni da ban taɓa hawa abin da ya wuce bayan lori ba. Mu biyu ne kawai, ni da matuƙin, Kyaftin Mahama, Badagombe mai fara'a.

Damina ce. Mun wuce Zebilla kenan gajimare ya haɗiye mu, gaba fari, gefe fari, ba sama ba ƙasa. Can na ga Kyaftin ya daina hira yana ƙwanƙwasa wani agogo a gabansa. Ya ce agogon na nuna mun kwanta hagu, shi kuwa jikinsa na gaya masa daidai muke tafiya, ƙila agogon ne ya lalace.

To ni da karambani, sai na ce ai wannan aikina ne. Na zaro igiyar Baba na sake ta, ta tsaya cak tsakanin gwiwoyina. Na ce, "Kyaftin, a miƙe muke, duba." Ya duba, ya yarda da ni, ya bar agogonsa.

Ashe kashe mu nake shirin yi. Injin ya fara ihu, jikina ya yi nauyi kamar an ɗora mini buhun siminti, wata allura mai nuna nisanmu da ƙasa tana ta juyawa baya. Kyaftin na jan sitiyari abin na ƙaruwa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, igiya kuwa tana nan a miƙe. Na tuna 'ya'yana, na kama salati, wallahi tsoro har cikin ƙashina.

Sai na ji tas a ƙeyata, da murya a kunnena: "Ajiye igiyar nan. Kun karkace hagu."

Ban san lokacin da na maimaita da ƙarfi ba. Kyaftin ya zabura ya koma kan agogonsa, ya murɗa dama a hankali. Muna faɗowa ƙasan gajimare ga itatuwan kaɗanya nan, har ganyensu nake gani.

Da muka sauka Yendi ya yi mini bayani, wai in jirgi na juyi igiya ƙasan jirgin take bi, ba ƙasar Allah ba. Wannan na gane. Sannan ya juya mini baya ya ce, "Amma Malam, me ya sa ka mare ni?"

Hannayena biyu suna kan igiya lokacin. Na duba ƙeyarsa, ga shatin yatsu uku.

Har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. Shawarata, in ka shiga inda ba naka ba, ka bar mai aiki da kayan aikinsa, ka kama bakinka ka yi addu'a. Igiyar tana nan, amma ban ƙara fita da ita daga wajen gini ba.