Gammon Ia Walaun

A ƙauyenmu da ke bayan garin Kokopo, can bakin teku, idan yaro ya hana ɗan'uwansa loma sai a ce masa, "Kai jikan Ia Walaun ne?" Ia Walaun ɗin nan yayar mahaifiyata ce, Inna nake ce mata, ba ta taɓa haihuwa ba. Na yi shekara shida a hannunta ina makaranta, saboda haka rowarta ba labari aka ba ni ba, a cikina na ji ta.

Gyaɗa da ayaba take sayarwa a kasuwa, gindin wata bishiyar mangwaro, kusa da Ia Minia mai kifi wadda suka shekara arba'in suna faɗa a kan inuwa. In ka miƙa mata kina, kuɗin gwamnati, sai ta karɓa tana yatsina. Amma in ka ciro tabu, ƙananan wurin nan namu da ake tsirewa a siririn kara, nan take fuskarta za ta washe. Ta auna shi daga yatsa zuwa ƙirji, ta sake aunawa, ta jefa a kwando. Abin da ya shiga kwandon nan kuwa ya shiga ke nan.

Kowa ya san abin da take tarawa. A wurinmu mutum yana haɗa tabunsa a naɗe masa babban gammo, a rufe da busasshen ganye, a ajiye har ranar mutuwarsa. Ranar ake yanka shi a raba wa duk wanda ya zo. Wanda aka binne ba a yanka masa komai ba, danginsa ba sa iya ɗaga kai a taro. Gammon Inna ya kai tayar babbar mota, sai ƙarti biyu sun zura sanda sannan yake ɗaguwa. Takan shiga ɗaki ta shafa shi, ta ce, "Ni ba ni da ɗan da zai yi mini kuka. Wannan shi zai tara mini jama'a."

Ƙanenta, Kawu To Burua, kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Direban kwalekwale ne mai inji. Ranar da ya samu, duk bakin teku ya samu: giya ga abokai, alewa ga yara, ƙyallen atamfa ga matar da ma ba tasa ba. Ina sonsa ƙwarai, har yanzu in na ji ƙarar inji daga teku sai na ɗaga kai. In aljihu ya bushe sai ya lallaɓo gidanmu.

"Yaya, ranta mini tabu gaba biyu mana."

"Gaba biyu? Sai dai in ba ka mari biyu. Ina na kwakwar da ka sayar jiya?"

"Ya tafi gai da mutane."

"To, su mutanen su binne ka."

Sai ya yi dariya, ya dumbuzi gyaɗarta ya fice, tana binsa da zagi har bakin hanya.

Zazzaɓi ya kwantar da shi sati ɗaya, ya rasu. Aka buɗe akwatinsa, ba a sami tabun da zai sayi kaza ba. Abokan shan giya suka zo suka yi kuka na gaskiya, amma hannu rabbana. Dattawan dangi suka zauna, kowa na kallon ƙasa, don gobe mutanen ƙauyuka biyar za su cika fili su zauna jiran rabo.

Da gari ya waye sai muka ga ƙarti biyu sun fito daga ɗakin Inna da gammo a kafaɗa, ita tana biye. Mahaifiyata ta tare ta.

"Yaya, kin yi hauka ne? Shekararki saba'in. Yaushe za ki tara wani?"

"Matsa mini. Ɗan uwata ne. Ba za a ce gidanmu ya binne mutum kamar kare ba."

Da hannunta ta yanke ganyen. Ba ta zubar da hawaye ba. Ranar kowa ya koma gida da tabu mai tsawon hannu, ana ta ambaton To Burua, ana cewa ashe mutumin ya yi tanadi. Ba ta gyara wa kowa zance ba.

Ta koma gindin mangwaro da kwando wayam. Rowar ma sai ta ƙaru, ko shayi ta daina sa wa sukari. Shekara uku ta ƙara a duniya. Da ta rasu muka juye kwandon, muka haɗa da ɗan abin da muke da shi, duka bai isa a naɗa gammo ba. Jama'a kuwa sun cika fili har kan hanya, fiye da na ranar Kawu. Ni aka ba wuƙa. Na yi ta gutsurawa guntu-guntu, kowane bai wuce tsawon yatsa ba, ina miƙawa kaina a sunkuye, kunya da baƙin ciki sun cika ni.

Da na iso kan Ia Minia mai kifi, ta karɓi nata, ta ɗaga shi sama ta ƙare masa kallo, ta juya wajen akwatin gawa.

"Walaun! Ko a mace ma rowa za ki yi mana?"

Fili ya ɗauki dariya. Ita ma ta fara dariyar, sai muryarta ta karye, ta dunƙule guntun a hannu ta rufe fuska da zane.